Ku Tambayi Likita: Ƙwannafin da ya ƙi ci ya ƙi cinyewa

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Ni direban babbar mota ne, shekarata 46. Shekara biyu ke nan ina fama da ƙwannafi. Da na kwanta sai in ji wuta ta taso min daga ciki zuwa ƙirji, wani lokaci ruwa mai tsami ya zo har baki. A kemis aka ce olsa ce, aka ba ni omeprazole. Ina sha duk sanda abin ya motsa, amma shiru. Yawanci sai bayan isha'i nake cin tuwo in kwanta. Daga wani mai karatu a Funtuwa.

Amsa: Wa'alaikumus salam Malam, Allah ya ba ka lafiya. Abin da ka bayyana ya fi kama da dawowar ruwan ciki zuwa ƙirji, kuma shi daban yake da gyambon ciki, duk da mutane sun saba kiran kowane zafin ciki olsa. A ƙarshen bututun da abinci ke bi daga maƙogwaro zuwa tumbi akwai wata tsoka mai zagaye, tana tsukewa kamar mazagin wando da zarar loma ta wuce. Tumbi yana da yauƙin da ke kare shi daga asid ɗin da yake narka abinci da shi, amma bututun ba shi da irin wannan kariya. Idan tsokar ta saki, ko ciki ya cika taf, sai asid ya haura, ka ji ƙuna. Kana zaune ko tsaye, nauyin abincin yana riƙe shi a ƙasa. Da ka miƙe a kan katifa, tumbi da maƙogwaro sun zama layi ɗaya, kamar kwalbar da aka kwantar ba a rufe murfinta da kyau ba.

Kuskuren farko yana wajen shan maganin. Omeprazole ba ya kashe zafi nan take, aikinsa shi ne ya rufe ƙananan famfunan da ke zubo asid, kuma ya fi kama su a lokacin da abinci ya tashe su. Don haka ake haɗiye ƙwaya ɗaya ta miligiram 20 da ruwa, minti 30 zuwa 60 kafin karin kumallo, kullum, ko da zafi ko babu, na tsawon mako 4 zuwa 8. Kada a tauna ta. Yakan ɗauki kwana uku zuwa biyar kafin ya kama sosai, kuma a nan ne da yawa suke yanke ƙauna su ce bai yi musu ba. Idan zafi ya taso a tsakani, maganin ruwa irin su magnesium trisilicate ko Gaviscon ne ke kwantar da shi cikin mintuna. In lokacin dainawa ya yi, a janye a hankali, yau a sha gobe a huta, na kamar mako biyu. Wanda ya yanke rana ɗaya, asid yakan dawo masa da ƙarfi na ɗan lokaci, har ya zaci ciwon ne ya ƙaru.

Na biyu, tuwon dare. Ka bar awa uku tsakanin loma ta ƙarshe da kwanciya. Mun san aikin tuƙi ba ya barin mutum ya tsara lokacinsa yadda yake so, amma gwada mayar da abinci mai nauyi zuwa la'asar ko magariba, da dare ka tsaya a kan ɗan abu kaɗan marar maiƙo. Sannan ka ɗaga gadon ta wajen kai da bulo ko katako, tsayin santimita 15 zuwa 20. In katifar a ƙasa take, a yanko soso mai gangare a cusa ƙarƙashinta daga kai zuwa ƙugu. Tara matashin kai uku ba ya magani, wuya kawai yake lanƙwasawa, ya kuma matse ciki. Kwanciya a gefen hagu tana rage dawowar asid, saboda a haka bakin tumbi yana sama da ruwan da ke ciki. Ka fara da dama yadda sunna ta koyar, ka yi addu'o'inka, sannan ka juya hagu.

Akwai abin da ba ka faɗa ba amma dole mu tambaya: me kake sha idan baya ya riƙe? Diclofenac, ibuprofen, aspirin da piroxicam, har da haɗe-haɗen maganin gajiya da ake ƙullawa a leda a tasha, duk suna cin bangon tumbi, su tsananta ƙwannafi. Paracetamol ya fi maka lafiya. Taba sigari tana sassauta tsokar nan, goro da kofi da lemon kwalba mai gas suna tayar wa mutane da yawa. In akwai teɓa, rage kilo ko da biyar ne yakan kawo sauƙin da za ka gani da idonka.

Tambaya: Likita ina da ciki wata bakwai, ƙwannafi ya hana ni barci. Surukata ta ce in riƙa jiƙa kanwa ina sha, ko in sha madara. Daga wata mai karatu a Maraɗi.

Amsa: 'Yar'uwa, Allah ya sauke ki lafiya. Gaskiyar Hajiya ce cewa kanwa tana kwantar da zafin, domin tana kashe kaifin asid. Illarta ita ce gishirin sodiyom da ke cike da ita, wanda ke tara ruwa a jiki, ya hau da jini, ya ɗora wa zuciya nauyi. Mai ciki da mai jego su ne suka fi kowa shiga haɗari da wannan, don Allah ki bar ta. Madara mai maiƙo kuma tana sanyaya ƙirji na ɗan lokaci, bayan nan ta sa tumbi ya ƙara zubo asid. Ki raba abincinki kashi biyar ko shida ƙanana, ki rage soye-soye da yaji, ki sassauta ɗaurin zane. A asibitin awo za su iya ba ki Gaviscon ko makamancinsa, sai dai ki bar awa biyu tsakaninsa da ƙwayar ƙarin jini, don yana hana jiki tsotse ta. Yawanci abin yana tafiya bayan haihuwa. Amma idan ciwo ya tsaya miki a saman ciki ta dama, tare da ciwon kai, kumburin fuska ko ganin dishi-dishi, ki tafi asibiti a ranar a auna jininki.

Tambaya: Mai wannan lalura zai iya azumi? Daga wani ɗalibi a Zariya.

Amsa: Mafi yawa suna iyawa. Sha omeprazole rabin awa kafin sahur. Matsalar tana wajen buɗa-baki: ƙosai, dankali soyayye, kunun tsamiya da zoɓo mai sanyi duk a zama ɗaya, kan cikin da ya wuni fayau. Fara da dabino da ruwa, yi sallah, sannan ka ci a hankali. Bayan sahur kada ka koma shimfiɗa kai tsaye, in barcin ya zama dole ka jingina a zaune.

Tambaya: Mahaifina shekararsa 63, ya daɗe da ƙwannafi. Yanzu ya ce nama da tuwo suna tsaya masa a ƙirji sai ya kora da ruwa, kuma ya rame. Wane magani zan saya masa? Daga wata mai karatu a Gusau.

Amsa: Kada ki sayi komai, ki kai Baba asibiti a wannan makon. Asid da ya shekara da shekaru yana ƙona bututun abinci yakan bar tabo ya ƙuntata hanyar, wani lokaci kuma ya canza fatar wurin har ta kai ga ciwon daji. Ba a bambance su sai an zura siririn bututu mai kyamara ta baki an duba, an ɗebi ɗan nama an auna. Ana yin wannan a asibitocin koyarwa da manyan asibitocin tarayya, da cikin da ya yi awa shida zuwa takwas ba abinci, kuma aikin kansa bai cika wuce minti 15 ba. Ki tafi da duk magungunan da yake sha, har na hawan jini, domin irin su amlodipine da nifedipine suna sassauta bakin tumbi. Idan kafin ranar ya yi aman jini, ko bayan gidansa ya koma baƙi kamar kwalta, ko ciwon ƙirji ya zo masa da gumi yana sauka hannun hagu, ku wuce sashen gaggawa ko da tsakar dare ne.