Tambayi Likita: Tazargade, Zogale, Darbejiya da Zaƙami

Tambaya: Likita, Allah ya ƙara basira. Na ji an ce maganin zazzaɓin cizon sauro da ake bayarwa a asibiti daga tazargade aka samo shi. Idan haka ne, me zai hana in shuka ta a gida, in riƙa dafa wa 'ya'yana ganyenta idan zazzaɓi ya kama su?

Amsa: Malam, abin da ka ji gaskiya ne, amma ina roƙonka kada ka yi hakan. Nau'in da aka samo maganin daga gare shi, wanda masana suke kira Artemisia annua, tsiro ne ɗan asalin nahiyar Asiya da yake fitowa, ya yi fure, ya mutu a cikin shekara guda, kuma ganyensa sirara ne masu ɗaci da ƙamshi mai ƙarfi. A shekarar 1967, lokacin da tsohon maganin nan kulorokwin ya fara gazawa, gwamnatin ƙasar Sin ta kafa wani shiri na neman sabon magani. A cikinsa ne masaniya Tu Youyou da abokan aikinta suka gano cewa tatsar ganyen ba tare da zafi mai yawa ba ta fi ba da sakamako, har suka ware sinadarin atimisinin a 1972, aikin da ya sa aka ba ta lambar yabo ta Nobel a 2015.

Matsalar dafa ganyen a gida ita ce ba ka san adadin da yaron yake sha ba. Sinadarin yana taruwa ne a cikin wasu ƙananan ƙwayoyi da ke jikin ganye, kuma yawansa yana sauyawa gwargwadon iri da ƙasa da lokacin da aka yanke shi, sannan ba ya narkewa sosai a ruwa. Akwai ma 'yan uwan wannan tsiro da suke kama da shi, amma kusan babu sinadarin a cikinsu. Ko da an dace da adadi mai kyau, atimisinin ba ya daɗewa a jini, shi ya sa ake haɗa shi da wani magani na biyu mai jimawa, a sha kwana uku cur, domin ya ƙarasa ƙwayoyin cutar da suka rage. Idan yaro ya sha abin da bai kai ba, zazzaɓin yana iya lafawa kwana biyu ya dawo da ƙarfi, kuma ƙwayoyin da suka tsira su ne masu koyon jure wa maganin. An fara ganin wannan juriya a yammacin Kambodiya, daga baya aka tabbatar da ita a Ruwanda da Yuganda, abin da yake tayar wa duk wani likita hankali. Saboda haka ne Hukumar Lafiya ta Duniya ba ta amince da shan ruwan ganyen a matsayin magani ko riga-kafi ba. Duk yaron da jikinsa ya yi zafi, a kai shi a gwada jininsa a ranar.

Tambaya: Likita, ina da ciki wata biyar, kuma an ce min ina da ƙarancin jini. Zan iya barin ƙwayoyin da aka ba ni wajen awo in koma garin zogale? Kuma yaya zan shuka shi?

Amsa: Malama, Allah ya sauke ki lafiya. Kada ki bar ƙwayoyin. Zogale itace ne mai albarka da ya samo asali daga arewacin Indiya, kuma busasshen ganyensa kusan kashi ɗaya cikin huɗu furotin ne, ga sinadarin ƙarfe da kalsiyam da abin da jiki yake sarrafawa ya zama bitamin A. Sai dai hanji ba ya iya zuƙar ƙarfen da ke cikin ganye kamar yadda yake zuƙar na ƙwayar magani, mai juna biyu kuwa buƙatarta ta fi ta kowa. Ki ci ganyen a matsayin ƙari, amma ki nisanci saiwa da ɓawonsa, domin ana jin tsoron su sa mahaifa ta motsa kafin lokaci.

Shuka shi ba wuya, ko da iri ko da yankakken reshe, muddin ƙasar ba ta riƙe ruwa, domin saiwarsa tana saurin ruɓewa. Idan ya kai ƙugunki ki tsinke kansa, sai ya yi rassa da yawa maimakon ya miƙe sama inda hannu ba ya kaiwa. Ki shanya ganyen a inuwa inda iska take ratsawa. Idan kika ga ya koma ruwan ƙasa maimakon kore, to rana ta riga ta cinye wani ɓangare na amfaninsa.

Tambaya: An ba ni shawarar in ɗiga wa jaririna man 'ya'yan darbejiya a baki saboda tari. Ya halatta a likitance?

Amsa: A'a, 'yar'uwa, ko ɗigo ɗaya kada ki ba shi. Darbejiya, wadda wasu suke kira dogon yaro, ita ma daga yankin Indiya ta bazu zuwa ƙasashe masu zafi, kuma 'ya'yanta suna ɗauke da sinadarin da yake hana ƙwari cin amfanin gona, shi ya sa manoma suke daraja ta. An sha kai jarirai asibiti da amai da jijjiga da dogon suma bayan an ba su wannan mai. Jaririn da yake tari, musamman idan numfashinsa yana sauri ko haƙarƙarinsa yana lotsawa ciki, ma'aikacin lafiya ya kamata ya duba shi.

Tambaya: Likita, wani tsiro ya fito a bayan gidanmu mai farin fure kamar kakaki da 'ya'ya masu ƙaya, an ce zaƙami ne, kuma yara suna wasa da 'ya'yan. Akwai haɗari?

Amsa: Akwai, Malam, kuma babba ne. Zaƙami dangin tumatir da dankalin turawa ne, amma ganyensa da furensa da 'ya'yansa duk suna ɗauke da wani sinadari mai suna atirofin da makamantansa. Likitoci suna amfani da atirofin a tiyata da wajen duba ido, sai dai a ma'aunin da aka tantance, alhali a jikin tsiron babu wanda zai iya cewa ga yawansa, kuma 'yan tsabar da ke cikin ƙwallon sun isa su jefa yaro cikin mawuyacin hali. Wanda ya ci za ka ga bakinsa ya bushe, fatarsa ta yi zafi babu gumi, baƙin idonsa ya buɗe, zuciyarsa tana bugawa da sauri, yana sambatu yana kai hannu ga abin da babu shi, wani lokaci fitsari ya ƙi fita. Kada a tilasta masa amai, kuma kada a ɗura masa komai. A garzaya da shi asibiti tare da reshen tsiron domin likita ya gane abin da ya ci. Ka tumɓuke shi da saiwarsa yau, ka sa safar hannu, kada ka ƙone shi inda mutane za su shaƙi hayaƙin, sannan ka riƙa duba wurin bayan ruwan sama, domin tsabarsa tana daɗewa a ƙasa kafin ta sake tsirowa.