Wata Mata Ta Tambaye Ni Ko Guringuntsin Kifin Shak Zai Warkar Da Mahaifinta

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗaliba ce a shekara ta biyu ta digiri na uku, ina bincike kan yadda 'ya'yan kifin shak ke girma a ruwa marar zurfi na gaɓar teku. Muna kama su, mu auna su, mu maƙala musu na'urar bibiya, mu sake su. Na fara sa hotunan aikin da gajeren bayani a intanet, ina kuma zuwa makarantu. To ga abin da ya hana ni barci: wata mata ta rubuto min cewa mahaifinta yana fama da ciwon daji, an ce ta sayo masa kafson guringuntsin shak tunda wai kifin ba ya kamuwa da cutar, tana so in gaya mata wane iri ya fi kyau. Yau kwana uku ban ce mata komai ba. Ni ba likita ba ce, kuma malamin da ke duba aikina ya ce in daina magana da jama'a sai takardata ta fito. Ina tsoron in yi magana in ɓata, ina tsoron in yi shiru wani ya cutu. Yaya zan yi?

AMSA: Wa alaikumus salam, 'yata. Ki ba matar nan amsa yau, kada ki kwana. Kwana uku a wurin mai jinyar ciwon daji ba ƙaramin lokaci ba ne, kuma ina tabbatar miki mai sayar da kafson bai yi minti uku ba ya amsa mata.

Gaskiya ne ke ba likita ba ce, kuma ba a ce ki zaɓa wa mahaifinta magani ba. Amma maganar da aka gina cinikin a kanta, wato shak ba ya kamuwa da ciwon daji, maganar fanninki ce tsantsa. Ke ce kike riƙe kifin da hannunki. Idan ke ba ki ce ƙarya ce ba, wa zai faɗa?

Ban san adadin lokutan da aka yi min wannan tambayar ba. Kusan duk taron da na yi jawabi, bayan an watse sai wani ya tsaya a baya yana jira kowa ya fita. Akwai wanda ba na mantawa, dattijo ne, ya zaro farar roba daga aljihu, an zana shak a jikinta da baki buɗe. Ya kwance murfin ya zuba min kafso biyu a tafin hannu, ƙarnin kifi ya tashi. Ya ce matarsa ta bar zuwa asibiti wata biyu saboda allurar kemo, wato maganin ciwon daji na asibiti, tana wahalar da ita, wannan take sha. Hannunsa yana rawa lokacin da yake mayar da murfin. Ban ga laifinsa ba ko kaɗan. Wanda ya faɗa rijiya, ko kaifin takobi aka miƙa masa zai kama. Wanda ya miƙa takobin yana ƙirga riba, shi nake jin haushi har yau.

Ya kamata ki san tushen maganar, don ƙarya ce da aka ɗora a kan gaskiya ƙarama, shi ya sa ta ƙi mutuwa. A farkon shekarun 1970 wani likita a Amurka, Judah Folkman, ya nuna cewa ƙari, wato kumburin da ciwon daji ke yi, ba ya iya girma sosai sai ya jawo sababbin jijiyoyin jini su ciyar da shi. Guringuntsi kuwa, kin sani, ba jijiyar jini a cikinsa, na shak ne ko na saniya ko na kunnen mutum. Sai masana suka yi tunanin ko yana ɗauke da wani sinadari mai hana jijiyoyin tsirowa. Aka gwada da na zomo da na maraƙi, sannan a 1983 Anne Lee da Robert Langer suka gwada da na shak, domin shi duk ƙwarangwal ɗinsa guringuntsi ne, ana samunsa da yawa. Suka tace sinadarin, suka dasa shi a cikin idon zomo dab da ƙari, suka ga jijiyoyin sun rage tsirowa. Iyakar abin da suka nuna ke nan: sinadari tacacce, an ajiye shi gefen ƙari, a idon zomo. Ba su ce a niƙa guringuntsi a haɗiya ba. Furotin da ya shiga ciki narkewa yake yi kamar kowane abinci, ba ya isa wurin ƙarin yadda aka haɗiye shi.

A 1992 wani mai suna William Lane ya fitar da littafi wanda takensa ke iƙirarin cewa shak ba ya kamuwa da ciwon daji, shekara ta zagayo wani babban shirin talabijin na Amurka ya yayata maganar, kasuwa ta buɗe. Tun daga nan muke fama.

Shak yana kamuwa da ciwon daji. A 2004 Gary Ostrander da abokan aikinsa suka tattara rahotannin ƙari guda 42 da aka samu a jikin shak da danginsa, wasu masu illa wasu marasa illa, har da ƙarin da ya tsiro a jikin guringuntsin kansa. Daga baya masu bincike sun ɗauki hoton babban farin shak a kudancin Ostareliya da ƙatoton ƙari a haɓarsa. Idan an ce miki ai 42 kaɗan ne, ki tambayi mai maganar wa ke bin kifi marar lafiya cikin teku yana duba shi. Kifin da ciwo ya kama raunana yake yi, a cinye shi ko ya nutse, ba ya zuwa teburin kowa. Kuma a ce ma bai taɓa kamuwa ba, me ya haɗa wannan da cin sa? Mikiya ta fi mu gani nesa ba kusa ba, amma ba wanda ya warke daga makanta don ya ci idonta.

An kuma gwada abin a kan mutane, gwaji na gaskiya, inda aka raba marasa lafiya gida biyu, wasu aka ba su maganin wasu aka ba su wanda ba komai a cikinsa. A 2005 aka wallafa wanda masu bincike na asibitin Mayo suka jagoranta, kan mutum 83 masu ciwon dajin nono da na hanji. Ba a ga ƙarin kwana ba, ba a ga sauƙin rayuwa ba, da yawansu ma sun kasa ci gaba da shan garin guringuntsin. A 2010 aka wallafa wanda ya fi shi girma, kan mutum 379 masu ciwon dajin huhu, da tataccen ruwan guringuntsin, a kan kemo da gashin ƙari da na'ura da ake yi musu. Matsakaicin abin da waɗanda suka sha suka rayu wata 14.4 ne, waɗanda ba su sha ba wata 15.6. Tun a 2000 ma hukumar kula da kasuwanci ta Amurka ta ɗauki mataki a kan masu tallar kayan da sunan maganin ciwon daji. Duk da haka har gobe ana sayarwa, sai dai a sauya rubutun jikin roba a ce yana ƙarfafa garkuwar jiki, a bar dillalai su faɗi sauran da baki. Abin takaicin shi ne tunanin Folkman daidai ne, kuma ya haifar da magunguna na gaske ta hanyar gwaji mai tsanani, irin su Avastin da aka amince da shi a 2004. Likitoci ne ke ba da su, ba a jikin shak ake samo su ba.

Kifin ma yana biyan kuɗin wannan ƙarya. Ƙiyasin Boris Worm da abokansa na 2013 ya ce ana kashe shak kusan miliyan 100 a shekara, mafi yawa saboda nama da fiffike da kamun da ba a yi niyya ba, guringuntsi kuma yana ƙara musu riba. Binciken 2021 ya nuna shak da danginsa na tsakiyar teku sun ragu da kashi 71 cikin 100 tun daga 1970. Ke da kike auna 'ya'yansu kin fi ni sanin yadda suke jinkirin balaga da ƙarancin haihuwa.

Maganar malaminki kuma, yana da gaskiya a abu guda. Sakamakon da ba a tantance ba tukuna, ki riƙe shi. Kada kuma ki taɓa bayyana ainihin wurin da kuke kama 'ya'yan kifin, ko ki sa taswirar da na'urar bibiya ta zana, ko hoton da gaɓar ke fitowa a bayanki har a gane ta. Ba masu sha'awar ilimi kaɗai ke kallo ba. Amma binciken 2004 da na 2010 ba sirrin ɗakin gwajinku ba ne, suna nan a buɗe shekara da shekaru. Ki je ki same shi cikin ladabi, ki nuna masa saƙon matar, ki ce kin yarda ba za ki taɓa bayananku ba. Idan kuma aka ce sai ofishin yaɗa labarai ya sa hannu kafin ki gaya wa mutum cewa kifi yana yin ƙari, wannan kam ba na goyon baya. Na ga amsa mai layi huɗu ta yi mako shida tana yawo daga tebur zuwa tebur.

Tsoronki na ɓata magana yana da amfani, ki bar shi ya koya miki faɗin lamba da iyakarta. Julius Nielsen ɗalibin digiri na uku ne a Jami'ar Kofanhagan lokacin da ya auna sinadarin kabon a idon shak ɗin Girinlan guda 28 don ƙiyasta shekarunsu, aka wallafa a 2016. Ya ce mafi girmansu ta kai kimanin shekara 392, da ragi ko ƙarin 120. Ba a daɗe ba labari ya cika intanet cewa an gano shak mai shekara 512, an ɗauki can ƙarshen ƙiyasin an mayar da shi tabbas. Don haka kullum ki haɗa lambar da tazararta a jimla ɗaya, yadda mai yanko rabi zai sha wahala.

Ita kuwa matar, ki fara da yi wa mahaifinta fatan samun sauƙi. Ki gaya mata kai tsaye cewa aikinki binciken shak ne, shak yana kamuwa da ciwon daji, an gwada guringuntsinsa a kan ɗaruruwan marasa lafiya bai yi amfani ba, don haka babu irin da za ki zaɓa mata. Kada ki yi mata faɗa, ƙauna ce ta sa ta nema. Sai ki tambaye ta ko ya bar maganin asibiti. Idan ya bari saboda amai ko kasala, ki roƙe ta su koma su faɗa wa likitansa, akwai abin da ake yi don rage wannan wahalar. Idan kuma sun riga sun sayi kafson, ta tafi da robar a hannunta ranar ganin likita, tare da duk wani abu da yake sha.