Ga Malam mai miliyan 90 da ke son ajiye aiki

Assalamu alaikum. Malam, ka ce shekarunka 55, ka tara kusan naira miliyan 90 tsakanin hannun jari da sukuk (takardar jari ta tsarin Musulunci, mai biyan kuɗin haya maimakon ruwa) da asusun fansho, kana tambayar ko za su riƙe ka idan ka ajiye aiki yanzu. Sau uku na karanta. Wallahi kamar ni, sai dai ni a lokacina ban tambayi kowa ba, kai ka fi ni hankali.

Na bar aiki a 2006. Zuwa ƙarshen 2007 hannun jarina ya kai miliyan 38, dala tana wajen naira 120. Tsofaffin cikinmu sun tuna zamanin, bayan Soludo, gwamnan Babban Bankin Najeriya na lokacin, ya sa kowane banki haɗa jarin naira biliyan 25, har mai shayin unguwa yana riƙe da takardar hannun jari. Ni kuwa gani nake na gama da talauci har jikokina.

Akwai wani dillalin hannun jari, sahu ɗaya muke sallah, ya ci tuwon gidana ba sau ɗaya ba. Shi ya zo ya ce, Alhaji, ai kuɗi ba ya kwana, banki zai ba ka rance ka ƙara saya, abin da kake da shi ya zama jingina. Uwargida ta ce kuɗin ruwa ne, kar in shiga. Na ce mata me kika sani a kasuwa? Har yau wannan maganar tana ci mini rai fiye da kuɗin. A watan Maris na 2008 kasuwa ta fara zubewa, ma'aunin farashin hannun jarinta ya sauko daga sama da 66,000 zuwa wajen 20,000 a farkon 2009. Kana son sayarwa, babu mai saye. Mutumin nan ya daina ɗaga wayata. Ranar da ba zan manta ba, na je ofishinsa tun tara na safe, na zauna har aka kira azahar, yarinyar da ke bakin ƙofa tana ce mini ya yi tafiya, ga motarsa ina kallo ta taga. Ni da furfurata, a kan benci, kamar mai roƙo. Banki ya sayar da jinginar a wulaƙance, ya kuma ce da sauran bashi. Filina na Kaduna, wanda na ajiye don auren 'yan matana, shi ya tafi. Bayan shekara biyar muka haɗu a wani ɗaurin aure, ya miƙo hannu yana murmushi, wai Alhaji ƙaddara ce. Na yarda ƙaddara ce, amma kamashonsa da ya karɓa tun ranar farko ban ga ƙaddarar ta taɓa shi ba. Na gaisa da shi saboda idon jama'a. Na bar shi da Allah.

To, kar ka ci bashi a kan abin da ka tara, ko wa ya zo maka da shi, ko da limamin unguwarku ne.

Amma ba wannan ka tambaya ba. Gaskiya miliyan 90 kuɗi ne, sai dai lambar ba ta gaya maka komai. Bayan na ɗan farfaɗo na tuba daga harkar ruwa, na sa miliyan 5 a sukuk ɗin gwamnatin tarayya na farko, na 2017, mai ba da kashi 16.47 cikin ɗari a shekara har shekara bakwai. Ba su ci mini ko kwabo ba, duk wata shida kuɗin haya yana shigowa. A 2024 aka mayar mini da miliyan biyar ɗina cif. Lokacin da na saka, dala tana wajen 360 a kasuwar bayan fage, lokacin da na karɓa ta haura 1,500. An cire tallafin mai a Mayun 2023, hauhawar farashi ta wuce kashi 30. Babu wanda ya cuce ni a nan, amma abin da kuɗin ke saya a da, ko rabinsa bai saya ba.

Sannan lafiya. Uwargida na da ciwon suga, ni hawan jini, maganinmu na wata yanzu ya kusa cinye abin da kamfanin fansho ke turo wa wasu abokaina. Ka tambayi naka kamfanin, a rubuce, nawa za su ba ka a dunƙule, nawa duk wata. Kuma bakin da kake ciyarwa ba ya raguwa don ka yi ritaya. Ƙanena ya rasu ya bar marayu huɗu, wa zai ce ba ya cikin lissafinsa? Ga zakka, ɗaya cikin arba'in, ka tambayi malamai abin da ta hau a dukiyarka. 'Yan'uwa kuma da sun ji ka karɓi kuɗin sallama, har wanda rabonka da shi tun sunan ɗanka na fari sai ya gano gidan. Ka rage faɗin abin da kake da shi, har a nan zauren.

Abin da ke riƙe da ni yau shaguna biyu ne da na gina da ƙyar, don haya tana bin farashi ko da a hankali, sai 'yar gonar da muke samun masara. Da ni ne kai, da na ƙara shekara biyar a bakin aiki har in kai sittin, in gwada shekara guda ina cin iya abin da jarin ke haifarwa ban taɓa uwar kuɗi ba, in gani ko gida zai zauna lafiya. Zaman ma kansa ciwo ne, wata shida na farko har faɗa nake da yara a kan rimot.

Ba ka faɗa mana ba, gidan da kake ciki naka ne ko haya? Kuma yara nawa suka rage a makaranta?