Wane Ƙaramin Jirgi Ya Fi Dacewa Da Mai Koyon Tuƙi?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina shirin shiga makarantar koyon tuƙin jirgin sama, sai na tarar kowace makaranta da irin jirginta: Cessna 152, Cessna 172, Piper PA-28 da Diamond DA40. Wanne ya fi dacewa da ɗan koyo?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Dukkansu suna kai mutum ga lasisi, amma ni 172 nake fifitawa. Tun 1956 ya fito, an ƙera sama da 44,000, saboda haka kayan gyaransa da makanikan da suka san shi ba su da wuyar samu, kuma yana jure mummunar saukar da ɗan koyo ba ya rasa yi a farkonsa. Ƙanensa 152 mai kujera biyu ne, injinsa na da ƙarfin doki 110, mai kaɗan yake sha, shi ya sa kuɗin awarsa ya fi sauƙi. Sai dai tun 1985 aka daina ƙera shi, kuma idan kai da malaminka masu jiki ne, tilas a rage man da za a zuba don kada nauyi ya wuce ƙima.

Babban bambancin Cessna da Piper yana wurin fiffike. Na Cessna a sama yake, mai na gangarowa daga tankuna biyu lokaci guda, ƙasa kuma tana bayyane gare ka, amma idan ka karkata za ka juya, fiffiken yakan rufe maka gefen da ka nufa. Na PA-28 a ƙasa yake, sai famfo ya tura mai, kuma matuƙi ne ke sauya tanki da hannunsa lokaci-lokaci. Wasu na ganin wannan wahala ce, ni kuwa horo na ɗauke shi, domin wanda ya saba lura da mai tun yana koyo da wuya ya manta daga baya.

DA40 na ƙasar Ostiriya ne, da sanda ake tuƙa shi maimakon sitiyari, samfurinsa na NG kuma man jet yake sha, abin da ke da amfani a inda man ƙananan jirage ke wuyar samu.

Kafin ka biya kuɗi, tambayi makarantar jirage nawa iri ɗaya take da su waɗanda ke tashi a yanzu, domin idan guda ɗaya ne tak ya shiga gyara, darasinka zai tsaya, abin da ka koya ya fara zubewa, ka sake biyan awoyin maimaici.