Amsar Murya: Dalilin da Ya Sa Lokacin Rasit Ya Koma Baya da Awa Ɗaya

Assalamu alaikum, jama'ar zaure. Injiniya, na saurari tambayarka cewa tun daga asubahin Lahadi 26 ga Oktoba 2025 duk rasit ɗin da ke shiga MySQL ɗinka, wato manhajar ajiye bayanai, yana fita da lokacin da ya koma baya da awa guda, alhali ba ka taɓa komai ba. Ina kyautata zaton sabar taka tana kan agogon Landan ne.

Abin da ke ruɗar mutane shi ne daga Lahadin ƙarshe ta Maris zuwa Lahadin ƙarshe ta Oktoba, Ingila tana tura agogonta gaba da awa ɗaya, sai ya yi daidai da na Kano da Zinder. Mu kuwa ba ma sauya agogo, kullum muna gaban UTC, wato ma'aunin lokaci na duniya, da awa ɗaya. Saboda haka wanda ya kafa sabar a cikin damina ya ga lokaci ya dace, bai san aro ba ne.

Ka fara da buga timedatectl, umarnin da ke nuna agogon sabar, sannan a cikin MySQL ka duba @@global.time_zone. Idan ya ce SYSTEM, to agogon injin yake bi. Daga nan ka duba nau'in gurbin da kake ajiye lokaci. Idan TIMESTAMP ne, hankalinka ya kwanta, domin a UTC yake ajiyewa, nunawa kawai ta karkace. Idan kuwa DATETIME ne, abin da aka ba shi ya rubuta, kuma nan ne aikin yake.

Kada ka yi gaggawar ƙara awa ɗaya a kan dukkan bayanan. A daren 26 ga Oktoban, da ƙarfe biyu agogon Landan ya dawo ƙarfe ɗaya, wato awar da ke tsakanin 1:00 da 1:59 ta zo sau biyu. Rasit biyu za su iya ɗaukar 1:30, na farko daidai yake, na biyu a agogonmu 2:30 ne. Idan ka jera su bisa lambar id, za ka ga inda lokaci ya kai wajen 1:59 ya faɗo kusa da 1:00; daga wannan layin zuwa ƙasa ne kawai za ka gyara, bayan ka ajiye kwafin teburin.

Domin kada ya maimaitu duk lokacin da Ingila ta sauya agogo, ka sa default-time-zone='+00:00' a cikin my.cnf, fayil ɗin saitin MySQL, ka sake kunna MySQL, manhajarka ta riƙa juya lokaci zuwa Africa/Lagos wajen nunawa. Sai dai ka tuna tsofaffin DATETIME ba za su koma UTC da kansu ba, kai ne za ka juya su. Idan MySQL ya ƙi gane sunan yankin Africa/Lagos, ka loda teburan yankunan lokaci da umarnin mysql_tzinfo_to_sql. Ka turo mana hoton abin da timedatectl ya nuna.