Mu Daɓe Harabar Masallaci da Siminti Ko Mu Bar Ƙasa?

Tambaya: Assalamu alaikum. Kwamitin masallacinmu a Agege ya yanke shawarar daɓe harabar baki ɗaya da siminti saboda taɓon damina, amma wani matashi ya ce hakan zai ƙara wa layinmu ambaliya. Shin maganarsa tana da tushe? Daga wani dattijo a kwamitin.

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Yaron nan ya yi gaskiya. Legas tana samun ruwan sama na kimanin milimita 1,500 ko fiye a shekara, mafi ƙarfinsa a Yuni da Yuli, kuma kowace milimita ɗaya da ta sauka a kan murabba'in mita ɗaya lita guda ce. Idan harabarku ta kai murabba'in mita 200, ruwan milimita 30 zai zubo muku lita 6,000. Ƙasa tana shanye wani kaso a hankali, siminti kuwa yana tura shi gaba ɗaya cikin kwata a lokaci guda, kwatar da galibi leda da robobi sun riga sun toshe, sai ya faɗa shagunan maƙwabtan da ke gangare.

Shawarata ita ce ku shimfiɗa bulon intalok a kan tsakuwa da yashi, ku cike tsakaninsu da yashi maimakon siminti, domin masallata su taka wuri mai tsabta, ruwa kuma ya sami hanyar nutsewa. Agege tana kan tudu, don haka wannan dabara za ta yi aiki fiye da yadda za ta yi a Mile 12, inda kogin Ogun kan cika ya malala idan aka saki ruwan madatsar Oyan.

Ku haɗa indararon rufin da tanki don wanke banɗaki, sannan ku bar gefe guda ba daɓe, ku dasa darbejiya ko mangwaro nesa da harsashin gini da ramin masai, ku karkata ruwan alwala zuwa gindinsu. Ina ba wannan muhimmanci ƙwarai, domin siminti yana riƙe zafin rana har bayan magariba, kuma masu sallar Juma'a a waje sun fi kowa sanin darajar inuwa. Gwamnatin jihar ta ware 14 ga Yuli a matsayin ranar dashen itatuwa, kuma LASPARK, hukumar lambuna da wuraren shaƙatawa ta jihar, ita ce ke kula da wannan fanni, sai ku tuntuɓe ta kan irin da ya dace da wurinku.