Amsa ga mai koyon rabon karta a teburin foka

Yarona, ka tambaye ni me ya sa a wasan Omaha, ɗaya daga cikin nau'o'in wasan karta na foka, mutum zai riƙe kati ɗaya mai alamar zuciya, ga huɗu masu zuciya a shimfiɗe a tebur, amma a ce bai haɗa biyar masu alama ɗaya ba, alhali da a nau'in Texas Hold'em ne da ya haɗa. Na ji daɗin tambayar, don a nan ne sabon mai rabo ya fi tura kuɗi wurin wanda bai ci ba.

Fara da tushe. Karta 52 ce, alama huɗu, kowace da kati 13, kuma ko nawa aka raba wa mutum, biyar ake gwadawa a ƙarshe. Tsarin girman hannu, wato biyar ɗin da mutum ya haɗa, ba son ran wani ba ne, abin da ya fi wuyar samu shi ke sama. Cikin hanyoyi 2,598,960 na haɗa kati biyar, jeri kamar 5 zuwa 9 yana fitowa sau 10,200, alama ɗaya sau 5,108, uku iri ɗaya haɗe da biyu iri ɗaya sau 3,744, huɗu iri ɗaya kuwa 624 kacal. Shi ya sa alama ɗaya ke kayar da jeri. Akwai ma nau'in da ake cire 2 zuwa 5 a bar kati 36. A can alama ɗaya ta fi uku da biyu wuya, sai aka ɗaga ta sama da shi. Wanda ya fahimci dalilin ba ya ruɗewa in an canza masa tebur.

A Hold'em kowa na karɓar biyu a kife. Mutum biyun da ke hagun maɓallin rabo, wato alamar da ke zagaya tebur tana nuna inda rabo zai ƙare, su zuba kuɗin dole, ƙarami da babba. Sai ka buɗe uku a tsakiya, sannan ɗaya, sannan ɗaya, kuma kafin kowace buɗewa ka ajiye na sama gefe a kife, don kada wanda ya gane bayansa ya amfana. Zubi sau huɗu ne. Daga cikin bakwai ɗin nan mutum ya zaɓi biyar yadda ya ga dama: da nasa biyu, da ɗaya, ko ma na tebur zalla. Shi ne wasan babbar gasar duniya da aka fara a Las Vegas a 1970, don haka yawancin masu zama gabanka da shi suka saba.

Omaha kuwa huɗu ake ba mutum, amma dole ya yi amfani da biyu daga hannunsa da uku daga tebur, ba ƙari ba ragi. Mutumin naka zuciya ɗaya gare shi, tebur kuma uku kaɗai zai ba shi, huɗu ke nan. Ko As huɗu aka raba masa, biyu ne nasa. Idon da ya saba da Hold'em yana ganin abin da babu, har ƙwararru kan yi wannan kuskure in dare ya yi nisa.

Stud mai kati bakwai ba shi da na tsakiya, kowa da nasa, uku a kife huɗu a buɗe. A wasan musanya kuma, biyar ake raba wa kowa, ya zubar da wasu a ba shi sababbi. Waɗannan ba za su wahalar da kai ba.

Ga abin da nake so hannunka ya saba da shi a Omaha. In an buɗe karta, kada ka bi abin da ɗan wasa ya ce yana da shi, karta ce ke magana. Ware biyun da suka yi masa aiki, ka ɗan tura ukun tebur gaba kowa ya gani, ka faɗi hannun da baki. Kife na waɗanda ba su ci ba ɗaya bayan ɗaya, na mai ci kuwa bar su a buɗe har sai ka gama tura masa kuɗin.